SWI-Prolog a cikin manhajar C: ya yake idan za a harhaɗa shi don Raspberry Pi?

Ga masu rubuta manhaja a Gombe da ke son ajiye ƙaramar na'ura a shagon taki a Kumo ko Dukku, inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, SWI-Prolog, manhajar da ke gudanar da yaren shirye-shirye na Prolog, ya cancanci a duba shi. Na'urar da muke nufi ita ce Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu. Jan Wielemaker ne ya fara shi a 1987 a Jami'ar Amsterdam, lasisinsa na BSD ne, kuma ana iya dasa shi cikin manhajar C ta hanyar ɗakin karatunsa, libswipl. Dokoki irin su "wane taki ya dace da wace ƙasa" a Prolog za a rubuta su, C ta riƙe sauran aikin. A wannan ɓangaren ba mu da ƙorafi.

Wahalar tana wajen harhaɗa shi a kan laftof domin ya yi aiki a kan ARM, nau'in masarrafar da ke cikin Pi. Ginin SWI-Prolog ba ya ƙarewa da fassara C. Da zarar an samu swipl, wato shirin SWI-Prolog kansa, CMake mai tsara ginin zai tashe shi domin ya samar da boot.prc, fayil ɗin da yake tashi da shi, da jerin ɗakin karatunsa. To swipl ɗin na ARM ne, laftof kuwa x86, sai gini ya tsaya cak. Maganin shi ne a girka qemu-user, mai gudanar da shirin ARM a kan x86, a sa CMAKE_CROSSCOMPILING_EMULATOR ya nuna qemu-aarch64, a kuma ba shi -L da hanyar sysroot, wato kwafin fayilolin tsarin Pi a kan laftof. In aka manta -L, qemu ba zai ga ld-linux na ARM, mai loda ɗakunan karatu, ba. Wannan saitin ne kuma ke ba gwaje-gwajen try_run na CMake damar gudana. Matakin yana da nauyi a ƙarƙashin qemu, don haka a sa -DINSTALL_DOCUMENTATION=OFF, a kashe fakitin Java da ODBC. Mai aiki da batirin sola zai ga amfanin hakan.

Sysroot ɗin a kwafo shi daga Pi ɗin kanta da rsync, wato /lib da /usr, a gyara mahaɗan fayil masu nuna cikakkiyar hanya. Raspberry Pi OS Bookworm na da glibc (babban ɗakin karatun C) 2.36, Ubuntu 24.04 kuwa 2.39. Wanda ya haɗa da na Ubuntu zai iya kai na'ura har ƙauye ta ce masa ba ta ga GLIBC_2.38 ba. Haka Pi Zero na farko ARMv6 ne, alhali mai fassara C na arm-linux-gnueabihf na Debian ARMv7 yake fitarwa, sakamakon shi ne "Illegal instruction". Mun fi ba da shawarar Pi 3 ko 4 da tsarin 64-bit.

Cikin ɗakunan karatun da ginin ke buƙata, zlib na matse fayil dole ne. GMP na lissafin manyan lambobi kuwa ana iya barinsa da -DUSE_GMP=OFF, sababbin fitowar SWI-Prolog suna da LibBF a madadinsa, an rage kaya ɗaya ke nan.

Bayan an kai manhaja kan Pi, abin da ya fi kayar da mutane shi ne PL_initialise, mai tayar da Prolog daga cikin C, ya kasa gano gidan SWI-Prolog, wato inda fayilolinsa suke. A saita SWI_HOME_DIR, ko a ba shi --home. A ƙara --no-signals idan manhajar C ce ke kula da sigina, a kuma rage --stack-limit, domin asalinsa 1GB ne a 64-bit, daidai da dukan ƙwaƙwalwar Pi 3B. Ajiyayyen yanayi na qsave_program, wato shirin Prolog da aka ƙunshe a fayil ɗaya, shi ma a yi shi da swipl ɗin da aka gina, fitowa ɗaya, kada a ɗauko na laftof.

Inda muka ga gazawa shi ne bayanin wannan hanya a warwatse yake, kuma saƙonnin kuskuren ba sa nuna ainihin matsala. Mai na'ura ɗaya ko biyu ya yi apt install swi-prolog-nox a kan Pi ya huta. Harhaɗawa daga laftof tana biyan wahalarta ne idan na'urorin suna da yawa, ko ana buƙatar fitowar da ba ta cikin ma'ajiyar Debian.