Kafin in sayo maka katin gem daga Jamus

Assalamu alaikum autanmu. Ya gida, ya ƙarfin jikin Inna? Ka gaishe min da Baba da su Kawu da mutanen Ringim baki ɗaya.

Saƙonka ya iso. Ka ce yaran da ke zuwa shagonka buga gem ɗin ƙwallo sun fara komawa wajen mai PS4 saboda kwamfutarka na kakarewa, don haka in sayo maka katin girafik, wanda ke sarrafa hoton gem a kwamfuta, tunda a Turai kaya araha ne. To, arahar akwai ta, amma sai a kayan hannu. Sabo a shago ba ya da sauƙi, don duk abin da ka ɗauka da harajin kashi 19 cikin ɗari a kansa, kuma babu ciniki, abin da aka rubuta shi za ka biya.

Abin da ya fi burge ni a nan haƙƙin mai saye ne. In ka yi odar kaya ta intanet daga wani kamfani, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ko da lafiyarsa ƙalau, ba sai ka faɗi dalili ba. In kuma sabo ne ya zo da matsala tun daga masana'anta, shekara biyu mai shago na da alhaki a kansa. Ka kwatanta da rasit ɗinmu na gida mai cewa in an saya ba a dawowa. Sai dai wannan gata ba zai bi katin zuwa Jigawa ba. Ranar da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ya zama namu, ko ya yi ko bai yi ba. Shi ya sa ba zan yi gaggawa ba.

Na hannu kuwa, akwai wani shafi da ake kira Kleinanzeigen, inda mutane ke tallar kayan gidansu, tun daga keke har firji. Nan ake samun kati da rahusa, kuma nan ne kaɗai na ga Bajamushe na yarda a taya. Galibinsu sukan rubuta ƙarara cewa babu garanti. Na je gidan wani dattijo da ke sayar da katin ɗansa; kafin in buɗe baki ya kunna kwamfutar, ya sa gem, ya nuna min zafin katin a allo, sannan ya ɗauko kwalin da rasit ɗin asali a cikin leda. Na ɗaga katin na leƙa tsakanin fukafukan fanka, ko ƙura babu. A raina na ce, bari ya sha hunturu ɗaya a wajenmu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kwamfutarka irin 'yan Kwatanon nan ce ta ofis, ƙaramar Dell siririya. Irinsu an yi su ne don buga takardu. Fawa fak ɗinsu, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, yawanci bai kai wat 300 ba, ba shi da wayar nan mai baki shida ko takwas da manyan katuna ke buƙata, kuma sau da yawa ba ya canzuwa da na kasuwa saboda soket ɗinsa na kamfanin ne. Akwatin ma bai da faɗin da dogon kati zai shiga. Ramin da ake soka kati a madabod, babban faifan da komai ke haɗe a kansa, wat 75 kaɗai yake bayarwa, saboda haka dole mu tsaya kan gajeren katin da ke ƙoshi da wannan.

Na san katin RX 580 abokanka ke zuga ka a kai, don yana da ƙwaƙwalwa mai gig 8 kuma ya yi arha. Kati ne na 2017, ya yi zamaninsa, amma shi kaɗai yana jan wajen wat 185, ana son fawa fak na wat 500 a bayansa. Kai da kake rabin yini a kan sola da inbata, ga firinta ga cajin wayoyin mutane, batirinka ba zai kai la'asar ba. Ƙari a kan haka, da yawansu an yi haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen, ta daina amfani da katunan, aka juye su kasuwa. Wasu an wanke an sake musu kwali, wasu kuma masu lambar 2048SP a baya, ƙarfinsu na RX 570 ne.

Wanda raina ya kwanta da shi GTX 1650 ne, gajeren. Na 2019 ne, gig 4, wat 75, ba ya neman wata waya. In kuɗi sun ɗan ƙaru, akwai RTX 3050 mai gig 6 da ya fito a 2024, wat 70 yake ci, shi ma ana yin gajerensa. Ka kula, mai gig 8 daban ne, yana buƙatar waya. Gem ɗin ƙwallon da kuke ce wa FIFA, wanda tun 2023 sunansa ya koma EA Sports FC, mafi ƙarancin katin da kamfanin ya gindaya wa FC 24 shi ne GTX 1050 Ti, kuma waɗannan biyun duk sun ɗara shi. eFootball da GTA V kuwa ba sa ba su wahala. RX 6400 ma gajere ne mai cin wuta kaɗan, amma a tsohon madabod irin naka ƙarfinsa raguwa yake, ka bar shi.

Da akwatinka babba ne da fawa fak mai kyau, da RX 6600 zan ce. Ya fito a 2021 a kan dala 329, yanzu na hannu ya sauko sosai, wat 132 yake ci. Wannan sai ranar da ka haɗa sabuwar kwamfuta.

Wani wuri kuma ku kuka fi mu. A nan in fankar kati ta mutu, kuɗin aikin mai gyara zai iya fin kuɗin katin, sai a jefar. A Kano kuwa, tsakanin Farm Centre da titin Beirut, yaro zai kwance shi a gabanka, ya canza fanka, ya shafa sabon man sanyaya, ka biya kaɗan ka kama motar gida. Don haka in ka ga GTX 1650 a can da farashi mai kyau, kada ka jira ni. Amma ka sa a soka shi a kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z. Akwai jabu da ake ɗaukar tsohon GTS 450 a sauya masa suna ya koma 1050 Ti, ita manhajar takan tona su. A bar gem na gudana kamar minti ashirin, kana kallon ko allo zai yi zane-zane ko ya ɗauke.

Kada kuma ka zuba duk kuɗin a kati. In ram ɗinka, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, gig 8 ne guda ɗaya, ƙara masa ɗan'uwansa ya zama 16. Sannan sitabilaiza dole ce, yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Watan Afrilu kuma, da zafi ke haura digiri 40, ka ɗaga akwatin daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka riƙa busa masa ƙura duk mako.

Ka buɗe murfin gefe ka ɗauko min hoton takardar da ke manne a jikin fawa fak, da lambar samfurin da ke gaban akwatin, da bayan monita in ga ko yana da HDMI ko VGA kaɗai gare shi. Akwai wani ɗan Kazaure a masallacinmu da zai zo gida bayan Sallah, ya ce zai riƙe min a jakar hannu. Ka turo hotunan kafin Juma'a, don in na saya in samu lokacin gwada shi a nan tukuna.