Wace manhaja za ka ɗauka in kana bin salsalar gidanku?

Bara na tambayi wata manhajar hira asalin kakanmu, wanda aikin reluwe ya kawo shi Kaduna ya zauna Tudun Wada. Nan take ta jero mini kakanni bakwai, har da wani wai mai tuta a jihadin 1804. Da rawar jiki na tura zauren dangi na WhatsApp. Ko awa ba a yi ba Goggo ta kira: "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka? Mu fa marina ne daga Zariya." Tun ranar ma'aunina ɗaya ne: in abu babu shi a takarda, manhajar za ta ce babu, ko za ta shara mini?

ChatGPT da Gemini da Meta AI suna da amfani wajen gyara rubutu da fassara, amma in ka tambaye su sunan kakan kakanka suna iya ƙago shi, ko kunya babu. Ancestry da MyHeritage, shafukan bin salsala, kuwa yawancin kundinsu na Turai da Amurka ne, kuɗin ma da dala.

Ni NotebookLM na Google na riƙe. Kai ne za ka zuba masa takardu, daga cikinsu yake amsawa, ya kuma nuna maka inda ya ciro maganar ka duba da idonka. Wahalar a ƙafa take. Sai ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna, ka nemi fayilolin Lardin Zazzau, musamman rahotannin haraji, inda Turawa kan ambaci hakimai da dagatai da sana'ar kowane gari. Ka leƙa Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Hirar tsofaffi ka naɗe ta a waya, ka rubuta da kanka, ka haɗa. Shafin tafireta yana karantuwa sarai. Rubutun hannun Di'o sai ka gwada Transkribus, manhajar karanta rubutun hannu. Ajami dai kai wa malam.

Sai 'yan damfara. Akwai masu buga salsala a takarda mai ƙyalli, da ado a gefe, su dangana ka da Sharifai ko gidan sarauta gwargwadon abin da ka biya. Injin hira suke tambaya, kamar yadda na yi. Wasu har hoton "kakanka" suke haɗawa, da rawani da amawali, a dusashe shi ya yi kamar na zamanin En'e. Ka ƙura wa yatsu da rubutun bango ido, nan asiri kan tonu. Irin wannan takarda in ta shiga rigimar gado ko neman dagaci, zumunci take ci. Duk wanda ya miƙo maka ita, ce masa ya ba ka lambar fayil, ko sunan dattijon da ya faɗa, ka je ka gaishe shi.