Na'urar gwajin gajiyar waya, bayan wata takwas a hannuna

Wata takwas ke nan ina aiki da wannan na'ura a ɗakin gwaje-gwajen sashenmu, kuma zan iya ba da shaida a kanta.

Aikinta ɗaya ne: gwada sau nawa wayar ƙarfe za ta lanƙwasa kafin ta karye. Za ka lanƙwasa siririyar waya kamar baka, ka damƙe kai ɗaya a bakin injin, ɗayan ka zura shi a ramin da zai juya a sake. Injin yana murza ta sau 3,600 a minti. Kowane juyi, gefen da ya miƙe sai ya matse, wanda ya matse ya miƙe, har ranar da ta gaji ta karye, agogon ƙirge ya tsaya. Tsarin ya yi daidai da ASTM E2948, ƙa'idar da aka gindaya don irin wannan gwaji.

Kawuna yana ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa, kuma zuciya tana bugawa wajen sau miliyan 40 a shekara, wayar na'urar da ke shiga cikin zuciyar tana lanƙwasa tare da ita. Shi ya sa ba na wasa da ko juyi ɗaya.

Inda na'urar gwajin ta burge ni shi ne a wayar MP35N, wani haɗin ƙarafa da ake sa wa na'urorin bugun zuciya. Na jiƙa ta a ruwa mai zafin jikin mutum, digiri 37, na bar ta tana juyi. Da ta karye na duba bakin karayar a madubin ƙara girma, sai ga wani ɗan ƙwayar datti na titaniyam, daga nan tsagewar ta faro. Na sha karanta cewa saboda irin wannan ne aka fito da wayar 35N LT mai ƙarancin titaniyam, amma ranar na gani da idona. Wallahi na daɗe ina kallonsa.

Aibin na'urar biyu ne. Bakin injin yana sakin waya in ta cika siranta, sai ka ɗaure da haƙuri. Na biyun ya fi ciwo: in aka ɗauke wuta, ƙirgen ya goge. Juyi miliyan 10 yana cin kusan awa 46, kuma sau biyu na rasa aikin kwana biyu a haka. Duk mai niyyar sayenta ya haɗa da batirin ajiye wuta tun ranar farko.