Tandar bututu mai digiri 1200: tana aiki, amma sai ka sa mata ido

Masu tambayata kan tandar bututun nan da muka yi oda daga Chana sbd aikin lab, ga abun da na gani. Irin ƙaramar nan ce mai buɗewa biyu, bututun kwats (wani irin gilashi mai jure zafi) a tsakiya, an rubuta tana kai digiri 1200, tana da na'urar saita zafi da zaka tsara mata hawa da tsayawa da sauka, sai murafun ƙarfe biyu inda ake jona iskar gas.

Aikinmu haɗa gamin ƙarafa masu wuyar narkewa ne. Tongistin sai ya kai digiri 3422 yake narkewa, reniyom 3186, molibdinom 2623, to wace tanda ce a lab ɗin jami'a zata narka maka waɗannan? Shi yasa ba narkawa ake ba, gishirin ƙarfen ake samowa, wanda ƙarfen ke zaune a cikinsa tare da amoniya da oksijin da ruwa, a gasa shi a hankali ana tura masa haidirojin, amoniya ta tashi ruwa ya tashi, ƙarfen ya rage a gari. Ko a masana'antu haka ake yin garin tongistin daga gishirin da ake kira APT, reniyom ma daga gishirinsa na amoniyom ake cire shi. Masanan cibiyar Nikolayeb da ke Nobosibirsk a Rasha ma sun shahara da sa ƙarafa biyu cikin ƙwayar gishiri ɗaya, tunda sun riga sun cakuɗu tun a gishirin sai gamin ya fito a zafin da bai ko kusa da na narkewarsu ba, wannan kuwa daidai ƙarfin tandar nan ne.

Inda ta burge ni gaskiya na'urar saita zafin ce. In ka ce ta hau a hankali to a hankali zata hau bata tsalle, kuma wannan ba ƙaramin abu bane domin in zafi ya hau da gudu amoniya da tururi suna fitowa lokaci guda su watsar maka da garin daga kwanon gashi, ka buɗe ka tarar rabin kayanka manne a jikin bututu. Gishirin tongistin fari yake shiga, in iska ce kawai ya koma ɗorawa, da haidirojin ya bi ta shuɗi da ruwan ƙasa kafin ya zama toka-toka, to in ka sa kwanonka a tsakiya toka-tokar kake samu tas.

Matsalar ita ce wurin da zafin yake daidai gajere ne sosai. Kwano biyu in ka jera, na gefen sai ya fito da sauran shuɗi, ma'ana bai gama ba. Kuma kar ka cika garin da kauri, baza shi siriri, sbd tururin da ya maƙale a ƙasa yana sa ƙwayoyin ƙarfen su girma, wanda ke neman gari mai laushi ya yi asara kenan.

Abun da ya fi ɓata min rai robobin murafun ne, wlh basu da kyau, suna barin iska ta shiga. Da tongistin kaɗai da sauƙi, amma reniyom in ya haɗu da oksijin da zafi yana zama wani abu mai tashi ya gudu ya je ya daskare a ƙarshen bututu inda yake da sanyi, kai kana lissafin ka sa kaso kaza na reniyom ashe wani ya tsere, ga shi da ɗan karen tsada. Mun canza robobin muna gwada mahaɗar da kumfar sabulu kamar yadda mai faci ke neman hujin taya, sannan aka samu lafiya. Ku sayi na canji tun farko.

Sai wuta. In an ɗauke ana tsakiyar aiki tsarin da ka saita ya tafi, don haka janareta ko inbata mai ƙarfi dole ne, kuma ko me ya faru kar ka rufe gas sai ta huce, garin ƙarfe mai laushi in ya sha iska da zafi yana iya kamawa da kansa. A fara kora iska da agon, wato gas ɗin da baya kama wuta, kafin a saki haidirojin, hayaƙin kuma a kai shi waje, amoniya ba abun wasa bace a ɗaki rufe. Digiri 1200 ɗin nan ma a takarda ne, kwats in ya daɗe sama da 1100 yana yin fari ya fara tsagewa.

Wani ya tambaye ni ko zai iya cire ƙarfen niyobiyom daga kwalambait, ma'adinin nan da ake haƙa a Jos, da ita. A'a malam, haidirojin baya cire oksijin daga niyobiyom da tantalom ɗin da ke cikin kwalambait har su zama ƙarfe, wata hanya ce daban. Kuma gari kawai zata baka, dunƙule tongistin ya zama sanda yana son zafin da ya fi nata nesa ba kusa ba. Ga ɗalibin mastas ko digiri na uku mai gasa giram kaɗan-kaɗan ta isa, amma a tambayi mai sayarwa tsawon wurin zafin kafin a tura kuɗi.