Ma'aunin pH mai ruwan ɗorawa ya ja mini asarar latas bokiti tara

Wata biyar ke nan da na sayi ma'aunin pH ɗin nan, wato na'urar auna tsami ko kanwar ruwa, mai kama da biro, mai ruwan ɗorawa, wanda ake ta tallarsa a Facebook da WhatsApp.  Ina shuka latas da na'a-na'a a cikin ruwa zalla, babu ƙasa, a wani ɗaki da ke bayan gidanmu a Kaduna, bokitin fenti goma sha biyu ƙarƙashin fitilun da sola ke kunnawa. Mai irin wannan noma ya san ruwan shi ne gonar. Idan pH ɗinsa ya fita daga tsakanin 5.5 da 6.5, shuka za ta zauna tsundum cikin taki tana fama da yunwa.

Ranar da aka kawo shi na tambayi mai sayarwar ko akwai abin da zan yi kafin in fara awo. Ya ce, "Alhaji, a saice yake tun daga kamfani, tsomawa kawai za ka yi." Na yarda da shi. Ƙananan ledojin gari guda uku da na gani a kwalin na tura su durowa.

Kullum da safe in na tsoma, 6.1 ko 6.2. Hankalina kwance. A mako na biyu sai sababbin ganyen latas ɗin suka fara ɗashewa, suna komawa rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ke nan kore. Na ce taki ne bai isa ba, na ƙara. Na zargi iri, na zargi fitila har na sauko da ita kusa da ganyen, na sake ruwan bokiti huɗu. Kwana ashirin ina kallon kayan da na raina tun daga ƙwaya suna lalacewa, abin awon kuwa yana ce mini lafiya lau. Wallahi har barci ya ƙaurace mini, don akwai masu abinci biyu da na yi wa alkawarin latas ɗin.

Ƙanina ne, da ke aikin ɗakin gwaje-gwaje, ya leƙo wata Asabar. Ya ɗauki ma'aunin ya juya shi, ya ce, "Yaya, yaushe rabonka da saita wannan?" Na ba shi amsar mai sayarwa. Ya ce in kawo ledojin nan. Ashe garin haɗa ruwan saita ma'aunin ne, kowanne da lambarsa. Kowace ya narkar da ita a tataccen ruwa irin na ɗakin gwaje-gwaje (distilled water) mililita 250, ya kuma gargaɗe ni cewa fiya wata ba tataccen ruwa ba ne. Ya tsoma ma'aunin a ruwan da ya kamata ya nuna 6.86. Ya nuna 5.9.

Ashe duk tsawon kwanakin nan ruwan bokitaina ya haura 7. Kuma a lissafin pH lamba ɗaya ba ƙaramin abu ba ce, ninki goma ce a ƙarfin tsamin ruwan. Ruwan burtsatsenmu da ma ya fi karkata wajen kanwa, ni kuma na daina rage shi tun da na ga 6.2. Da zarar ruwa ya wuce 7, sinadarin ƙarfe da ke cikin takin sai ya gagari saiwa, shi ya sa ƙananan ganye ke fara ɗashewa. Bokiti tara na tumɓuke a ranar.

Saitin kansa bai kai minti goma ba. A tsoma a 6.86, a jira lambar ta tsaya, a danne maɓallin saiti, CAL, kamar daƙiƙa biyar, a ɗauraye, a yarfe ruwan ba tare da goge ƙwan gilashin da ke bakin ma'aunin ba, sannan a maimaita a ruwan 4.01, sannan na 9.18. Gaskiya bayan haka ya ba ni mamaki. Ƙanina ya kwatanta shi da babban na wurin aikinsu, bambancin bai wuce 0.1 ba. Na'a-na'ar ta farfaɗo cikin kwana goma. Har na fara ce wa abokai su saya, laifin mai sayarwa ne, ba na kayan ba.

To amma da hunturu ya shigo na janye wannan magana. Na yi tafiyar mako biyu, na dawo na tarar ƙwan gilashin ya bushe ƙayau. In na tsoma, lambar sai ta yi ta rarrafe minti biyu ba ta tsaya ba. Wannan gilashi ba ya son bushewa, a jiƙe ake ajiye shi cikin ruwan KCl, wato gishirin potassium chloride, kuma in aka ajiye shi a tataccen ruwa ma lalacewa yake. Babu wannan ruwan a kwalin, babu ko ɗan soso a murfin, takardar bayanin kuma, mai rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ba ta ce uffan a kai ba. Me zai hana su sa 'yar kwalba ɗaya? Sai da ya kwana a jiƙe kafin ya dawo hayyacinsa, kuma tun daga nan ba ya riƙe saiti fiye da mako guda.

Ga kuma ledojin, saiti ɗaya tak suka ba ni. Ruwan 9.18 ba ya daɗewa bayan an haɗa shi, iska na canza shi. Lambobin da ke jikinsu ma na zafin digiri 25 ne, a digiri 40 irin na watan Afrilu 9.18 ɗin yakan sauko wajen 9.07. Da na koma wurin mutumin neman wasu ledojin, ya ce shi ma'auni yake sayarwa, ba gari ba. Ko haƙuri bai ba ni ba kan latas ɗina.

Tauraro biyu nake ba shi. Ina nan ina aiki da shi don ban tara kuɗin mai kan da ake sauyawa ba tukuna, amma duk Asabar sai na tsoma shi a 6.86 kafin ya taɓa bokitina.