Takalmin da zai haye dutsen Adar da kai

Wanda ya taɓa tashi da asuba daga wani ƙauye a yankin Keita ko Buza, ya hau dutsi ya gangara ya sake hawa har la'asar, ya san ƙafa ce ke fara kai ƙara. Saman dutsin baƙar tsakuwa ce da marmara mai kaifi, gangare yana zamewa da mutum, a kwari kuma ga rairayi, ga ƙarangiya, ga tsidau. Takalmi ɗaya ne zai ɗauki wannan duka.

Wanda ya fi jan ido shi ne babban takalmin Turawa na gwanjo, irin wanda ake bazawa a kasuwar Tawa ko a Katako in ka leƙa Yamai. An ƙera shi ne don wurare irin tuddan Ingila da Sikotilan, inda ƙasa ke lumewa da ƙafa kamar fadama a tsakiyar damina. Shi ya sa ake shimfiɗa masa wani abu a ciki don tare ruwa, wanda za ka ga an rubuta masa Gore-Tex. A wurinmu kuwa gumi yake tarewa. A watan Afrilu ƙafa dahuwa take yi a ciki, fata ta yi laushi, sai bororo. Amma a kan dutsi ba shi da na biyu: yana riƙe idon sawu, ƙaya ba ta huda shi, musamman in ƙasansa na ɗauke da tambarin Vibram mai ruwan ɗorawa.

Sai dai a yi hattara. Na taɓa sayen wani, fes da shi kamar ba a taɓa takawa ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji ƙafar dama tana tafi, fat, fat. Ƙasan takalmin ya buɗe baki, soson da ke tsakiya yana zuba kamar garin ƙuli. Wani dattijo mai jaki ya tsaya, ya dube ni, ya dubi takalmin.

"Ɗana, wannan ai ya mutu tun a garinsu."

"Baba, jiya na saye shi."

Bai ce komai ba, ya kwanto igiyar kaba ya ɗaure min. Irin wannan soso, in ya shekara da shekaru a ajiye, danshi na cinye shi ta ciki ko da saman yana ƙyalli. Don haka kafin ka miƙa kuɗi, lanƙwasa takalmin da ƙarfi, ka danna farce a gefen soson. In ya tsage ko ya marmashe, aje wa mai shi abinsa.

Takalmin taya fa, kada a raina shi. Shi ne a ƙafar dattijon nan. Yana da araha, iska na ratsa shi, marmara ba ta cinye shi, in maɗauri ya tsinke kowane mai gyara zai haɗa maka. Aibinsa yatsu a waje suke: tuntuɓe ɗaya a gangare, farce ya tafi. Ya dace da wanda ƙafarsa ta saba, ba ɗan birni mai zaman ofis ba.

Na roba rufaffe da makiyaya ke sawa yana kare ƙaya, amma in rana ta take sai ya zama tukunya. Na fata mai faɗin ƙasa irin na Buzaye kuwa na rairayi ne, a kan tsakuwa santsi gare shi.

Ni yanzu na tsaya kan matsakaici: takalmin ƴan gudu mai kaurin ƙasa da haƙora masu zurfi, samansa yadi mai shan iska, ba mai tare ruwa ba. Ƙarangiya na maƙale masa, na yarda da wannan. Sai in jefa na taya cikin jaka don hutun azahar.

Ka je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta kumbura, da safar da za ka yi tafiyar da ita. Ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, don a gangare ne yatsu ke dukan bakin takalmi. Kuma ka yi kamar mako guda kana yawo da shi cikin gari kafin ka nufi dutsi.