Gargaɗi kan mai tallar "lasisin har abada" na manhajojin zane

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar zane a kwamfuta, musamman na ƙauyukan Ringim da Taura da Garki. Ina da ɗan shago inda nake buga katin biki da shaidar saukar Alƙur'ani ta makarantun Islamiyya, kuma na rubuto ne saboda wani mutum da ya shigo zaurukanmu na WhatsApp yana tallar Photoshop da CorelDRAW da Canva Pro, wai duka ukun a kan naira 15,000, biya ɗaya, har abada.

Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna ne ya faɗa tarkonsa. Da kuɗin riɗin da ya noma ya sayi kwamfuta ta hannu, ya kama rumfa a bakin kasuwar garinsu, sannan ya je wurin mai POS ya tura wa mutumin kuɗi a asusu mai ɗauke da sunan da ba shi ne a kan tallar ba. Mutumin ya aiko masa da wani fayil, ya umarce shi da ya kashe manhajar kariya daga bairos kafin ya buɗe, wai don kada ta hana lasisin zama. Nan ne ainihin cutarwar, domin manhaja ta halal ba ta buƙatar a kori mai gadi kafin ta shiga gida. Ba a yi mako biyu ba aka ƙwace shafinsa na Facebook, aka shiga roƙon kuɗi da sunansa wurin dangi da abokan ciniki, har kawunsa ya tura wani abu yana zaton yaron na cikin matsala.

Ya kamata kowa ya san cewa tun shekarar 2013 kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop kan tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma CS6 da ya fito a 2012 shi ne na ƙarshe da ake saya a mallaka gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce zai ba ka sabon Photoshop na har abada, ko dai na sata ne ko kuma babu shi sam. CorelDRAW kuwa ana iya sayensa a biya sau ɗaya, amma farashinsa na gaskiya ya ninka abin da mutumin nan ke karɓa sau da yawa.

Batun Canva ya fi ruɗar da mutane, domin da farko yana aiki. Abin da masu irin wannan talla suke yi shi ne su cusa ka cikin wani rukuni da aka buɗe da sunan makaranta, tunda kamfanin Canva yana bai wa malamai da ɗalibai kyauta, su kuma su sayar maka da abin da ba nasu ba. Ranar da aka rufe rukunin ko aka cire ka, ayyukan da ka ajiye a ciki sun tafi. Haka yaron nan ya rasa katunan biki guda uku ana saura kwana huɗu ɗaurin aure, kuma na ga yadda ya tsaya gaban waliyyin amarya yana ba da haƙuri, abin da har yau yake yi mini ciwo a rai.

Ga wanda jarinsa bai kai ba, akwai Inkscape don tambari da kati, wadda take buɗe fayilolin CorelDRAW da dama, akwai GIMP don gyaran hoto, kuma duka kyauta suke a shafukansu na asali. Canva ma tana da ɓangaren kyauta da ya isa aikin katin gayyata. Na san masu manyan injinan bugu a Kano sun fi sabawa da CorelDRAW, amma ni PDF nake kai musu kuma suna bugawa.

Wanda ya riga ya buɗe fayil ɗin mutumin nan, ya canza kalmomin sirrinsa ta wata wayar daban, ya sa a wanke kwamfutar a sake mata Windows, sannan ya kai rasit ɗin POS bankinsa ya shigar da ƙorafi. Mutumin ya rufe tsohuwar lambarsa, amma shekaranjiya na ga tallar nan tasa, kalma bisa kalma, ta dawo wani zaure da sabuwar lamba da sabon suna, farashin kuma ya koma naira 12,000.